Inshorar Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Tururi Da Ake Hawa: Tambayoyi Da Amsoshi

A garuruwa da yawa na Birtaniya, idan ka shiga wurin shaƙatawa ranar Lahadi da bazara, za ka ji wani ɗan usur daga bayan bishiyoyi, sannan ƙanshin kwal da man inji ya daki hancinka. Kana ƙarasawa sai ka tarar da wani dattijo zaune a kan ɗan tarago, yana zuba kwal da shebur mai girman cokalin miya a cikin kan jirgin da bai kai gwiwarsa ba, a bayansa kuma yara takwas da iyayensu sun jeru kamar a kan benci. Ni ma ta wannan hanyar na san harkar, na kai yarana su hau, daga baya na zama ɗan ƙungiyar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin shiga suka fi yi game da inshora. Yawancin bayanin na Birtaniya ne, don a nan ne tsarin ya fi kafuwa. Kowane kamfani da sharuɗɗansa, saboda haka takardar da ke hannunka ita ce alƙali.

Wane irin jirgi ake nufi?

Kan jirgin ƙasa ne na gaske da aka rage wa girma. Yana da tukunyar ruwa, da murhu, da fistin, da birki, kuma da tururi yake tafiya kamar manyan na da. Da faɗin layin dogon ake bambanta su. A Birtaniya an fi samun inci 3½, da inci 5, da inci 7¼. A mafi yawan sassan Amurka inci 7½ suke amfani da shi. Na inci 5 mutum biyu na iya ɗaga shi su sa a bayan mota, amma babban na inci 7¼ yakan kai ɗaruruwan kilo, sai da tirela.

Akwai wata iyaka da ya kamata a sani. Layin da faɗinsa bai kai milimita 350 ba, hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki, wato HSE, ke sa ido a kansa. Wanda ya kai haka, kamar layin Romney, Hythe da Dymchurch mai inci 15 da aka buɗe a 1927, ya shiga hannun hukumar jiragen ƙasa ta ORR, kuma inshorarsa ta 'yan kasuwa ce. Ba shi muke magana a kai ba.

To ai abin wasa ne. Me ya kawo maganar inshora?

Wannan ita ce fahimtar da nake so a fara gyarawa. Girman ne kawai aka rage, zafin bai ragu ba ko kaɗan. Irin waɗannan tukwane kan yi aiki a matsin bar 6 zuwa 7 (bar ma'aunin matsi ne), kuma a wannan matsin ruwan da ke ciki ya kai kusan digiri 170 na ma'aunin Salshiyos. Matsin ne ya hana shi zama tururi. Da tukunyar ta tsage, wani kaso na ruwan zai rikiɗe nan take, kuma ruwa idan ya koma tururi a fili yakan ninka girmansa sama da sau 1,600. Direba yana zaune ne da wannan tukunyar tsakanin ƙafafunsa, yaron farko kuma bai fi taku biyu a bayansa ba.

Ba sai ma tukunya ta fashe ba. Walt Disney, mai kamfanin fina-finan katun na Amurka, ya shimfiɗa layi mai inci 7¼ a bayan gidansa a Los Anjalis a 1950, yana hawar da baƙinsa. A 1953 wani baƙo ya shiga kwana da gudu, kan jirgin ya goce ya faɗi a gefe, usur ɗinsa ya karye, tururi ya feso ya ƙona wata yarinya 'yar shekara biyar. Daga nan Disney ya rufe layin. Mutumin da ke da kuɗi da injiniyoyi a hannu ke nan. Irin wannan hatsarin, gocewa a kwana, yaro ya miƙa ƙafa ƙasa ana tafiya, garwashi ya faɗa a ido, shi ya fi faruwa, kuma shi inshora ta fi fuskanta.

Inshora iri nawa ce a wannan harka?

Ta farko, kuma uwar sauran, ita ce ta alhakin jama'a: idan ka ji wa wani ciwo ko ka lalata masa dukiya, kamfani ya biya diyya da kuɗin lauya. Yawancin ƙananan hukumomin da ke bai wa ƙungiyoyi aron fili ba sa sauraron ƙasa da fam miliyan 5, wasu ma miliyan 10 suke nema.

Ta biyu ta jirgin ce kansa, wato sata, gobara, faɗuwa daga tirela. Sai ta fashewar tukunya, wadda wasu kamfanoni ke haɗa ta da ta farko, wasu kuma su ware ta, don haka a tambaya a fili. Akwai ta raunin da kai kanka za ka ji. Ƙungiya kuma tana buƙatar ta gininta da layinta, da ta ma'aikata idan tana da wanda take biya albashi. Wannan ta ƙarshe dokar 1969 ta wajabta ta, kuma mafi ƙarancinta fam miliyan 5. Ƙungiyoyi da dama suna ɗaukar ta ko da 'yan sa-kai kawai suke da su.

Sabon shiga yakan fara da tambayar ta biyu, don idonsa na kan jirgin da ya kashe wa kuɗi. Ni a ganina an juya lissafin. Idan aka sace jirgi, asararka ta tsaya a kuɗin jirgin. Idan yaro ya samu raunin da zai zauna da shi har tsufa, diyyar na iya cinye gidanka da fanshonka, kuma idan ba ka da inshora yaron ne zai rasa abin kula da shi.

Me ya sa ko'ina aka je sai an ce "ina takardar tukunya"?

Domin tun asali inshorar tukunya da duba tukunya tare aka haife su. A ƙarni na 19 tukwanen masana'antu da na jiragen ruwa suna fashewa a kai a kai. A tsakiyar shekarun 1850 masu masaƙu a Mancesta, da injiniya William Fairbairn a gaba, suka kafa ƙungiyar duba tukwanen junansu. A Amurka kuwa, a Afrilun 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Misisifi, sama da mutum 1,000 suka hallaka, a 1866 kuma aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler, wanda sunansa cikakke ya haɗa dubawa da inshora. Dabarar ita ce wanda zai biya diyya shi ya fi kowa son a duba tukunyar da kyau.

Wannan tsarin ne ya gangaro har kan ƙananan jirage. A Birtaniya akwai dokar tsaron na'urori masu matsi ta 2000, wadda ta ce dole tukunyar tururi ta samu rubutaccen tsarin dubawa. Manyan ƙungiyoyin harkar, irin su Federation of Model Engineering Societies, da Northern Association of Model Engineers, da 7¼ Inch Gauge Society, sun haɗu sun fitar da kundin gwajin tukunya, wanda aka sabunta a 2018. Kamfanonin inshora sun amince da shi. Ma'anar haka ita ce sun yarda ƙwararrun 'yan ƙungiya su yi gwajin kyauta, maimakon a ɗauko sufeto daga waje a biya shi.

Amma yardar tana da sharaɗi. Ranar da takardarka ta ƙare, ka hura wuta a tukunyar, to ka ɗauka ba ka da kariya, ko da ka biya kuɗin inshorar shekara cif. Na ga wani dattijo da ya tuƙo mota awa uku zuwa taronmu, aka duba takardarsa aka ga ta wuce da kwana tara, sakataren ya ba shi haƙuri ya ce ba zai hura ba. Ransa ya ɓaci, mu ma ba mu ji daɗi ba, amma gaskiyar sakataren ce.

Yaya ake gwajin, kuma sau nawa?

Gwaji biyu ne. Na farko na ruwan sanyi. Ana toshe duk kafofin tukunyar, a cika ta da ruwa taf har iska ta fita, sannan a dinga tura ƙarin ruwa da ɗan famfon hannu ana kallon ma'auni. Sabuwar tukunya ana kai ta ninki biyu na matsin aikinta. Bayan nan, a gwaje-gwajen da ke biyo baya, ninki ɗaya da rabi. Dalilin amfani da ruwa shi ne ba ya matsuwa, don haka idan wani wuri ya gaza, ɗigo kawai za a gani, allurar ma'auni ta sauka. Mai gwajin yakan share tukunyar tas da tsumma, ya ɗauki tocila da ɗan madubi irin na likitan haƙori, ya leƙa cikin murhu yana bin kowace ƙusa da ke riƙe da bangon. Wurin yakan yi tsit. Mai jirgin na tsaye hannu a aljihu, shekarun da ya yi yana ƙera abin duk suna kan wannan allurar.

Tukunyar jan ƙarfe ana maimaita mata wannan gwajin duk shekara huɗu. Ta baƙin ƙarfe, da yake tana tsatsa, bayan zangon farko sai ya koma duk shekara biyu.

Na biyu shi ne gwajin tururi, kusan kowace shekara, kuma takardarsa ba ta wuce wata 14. Ana hura wuta sosai, a buɗe mahurar da ke jan iska, a ga ko bawul ɗin kariya zai buɗe a kan jan layin da ke jikin ma'auni, kuma ya hana matsin haura kashi 10 cikin 100 a kan na aiki. Ana duba gilashin da ke nuna tsayin ruwa, ana tabbatar da cewa akwai hanyoyi biyu masu zaman kansu na shigar da ruwa tukunya. Wannan na ƙarshe yana da nauyi ƙwarai, don ƙarancin ruwa ne babban makashin tukunya: rufin murhu ya fito daga ruwa, ya yi ja, ya yi laushi. A Yulin 2001, a wani baje koli a Madina ta jihar Ohayo, wata tsohuwar tarakta mai tururi ta fashe ta kashe mutum biyar, kuma bincike ya gano rufin murhunta tsatsa ta cinye shi ya yi siriri. Babbar na'ura ce, ba irin tamu ba, amma ilimin ɗaya ne.

Mutum ba ya gwada tukunyar kansa, ko da shi ne mai gwajin ƙungiya. Kuma sai da shaida a wurin.

Mene ne "bar-lita" da nake gani a takardu?

Matsi ne ake ninkawa da yawan ruwan da tukunya ke ɗauka. Mai cin lita 5 da ke aiki a bar 6 tana da bar-lita 30. Babban kundin gwajin ya shafi daga 3 zuwa 1,100. Abin da ya haura haka ya fi ƙarfin masu gwajin ƙungiya.

Na shiga ƙungiya, na biya kuɗin shekara. Shi ke nan na samu kariya?

Ka samu wani ɓangare. Galibi ƙungiya tana da inshorar alhakin jama'a da ta rufe 'ya'yanta a lokacin da suke aikin ƙungiya, a layinta ko a taron da ta amince da shi. Abin da ba ta cika rufewa ba shi ne jirginka. Ko da a rumbun ƙungiya kake ajiye shi, kada ka ɗauka yana cikin lissafinsu, don abin da suka yi wa inshora kayan ƙungiya ne.

Ka samu sakatare ka yi masa tambayoyi uku. Idan na kai jirgina layin wata ƙungiya, kariyar na bina? Idan na ƙona wani ɗan ƙungiyarmu, ana ɗaukarsa a matsayin jama'a, ko an cire 'yan gida? Idan makarantar unguwa ta gayyace ni da layin tafi-da-gidanka, ina ciki? Ta biyun ce mutane suka fi mantawa da ita, alhali wanda ya fi kusa da tukunyarka kullum ɗan'uwanka ne na ƙungiya da ya sunkuyo yana taya ka.

Inshorar kayan gidana ba za ta wadatar ba?

Da wuya. Irin wannan inshorar takan sa iyaka a kan darajar abu guda, sannan wata iyakar ta daban, wadda ta fi ƙanƙanta, a kan abin da ke gareji ko rumfar bayan gida, inda yawancin jirage ke kwana. Sashenta na alhaki kuma yakan cire abin hawa mai inji. Shi ya sa ake zuwa wajen dillalan da suka ƙware a harkar. Walker Midgley da ke Shefil na cikin waɗanda aka fi sani. Amfanin ƙwararren dillali shi ne ba sai ka tsaya yi masa bayanin mene ne gwajin tururi ba. A tuna kuma akwai harajin kashi 12 cikin 100 da gwamnati ke ɗorawa a kan kuɗin inshora.

Ko da ka ɗauki ta musamman, ka sanar da kamfanin inshorar gidanka cewa kana da maƙera a gareji, da tukunyar gas da abin walda. Ɓoye wannan na iya dawo maka ranar da gobara ta tashi.

Da hannuna na ƙera shi, shekara goma sha biyu. Nawa zan ce darajarsa?

Nan ne zuciya da takarda suke saɓawa. Kamfani ba ya biyan daren da ka raba kana goge fistin, ko yatsan da ka ƙona wajen liƙa tukunya da azurfa. Abin da zai duba shi ne nawa irinsa ke tashi a kasuwa, a wajen dillalan tsofaffin jirage ko a gwanjo. Wani lokaci kuɗin ya fi abin da kake zato, wani lokaci bai kai ko rabin wahalarka ba.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ku daddale da kamfani a kan wani adadi tun farko, a rubuta shi a takarda. Za su nemi hotuna, wataƙila da ƙiyasin wani masani. Ka ɗauki hoto ta kowace fuska, da lambar da aka buga a jikin tukunya, ka adana rasit na kayan da ka saya, ka ajiye kwafi a wani wuri da ba gidan ba.

Kada ka rage daraja don kuɗin shekara ya sauko. Yawancin yarjejeniyoyi suna da sharaɗin biya gwargwado. Ga misali: jirgi ya kai fam 12,000, ka rubuta 6,000. Ya faɗo daga tirela, gyara ya ci 4,000. Tunda rabin darajar ka yi wa inshora, rabin gyaran za su biya, wato 2,000, sannan su cire kason da aka ce kai za ka fara ɗauka. Ka kuma riƙa sabunta adadin duk bayan 'yan shekaru, don farashin jan ƙarfe da na sabuwar tukunya ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Me inshorar jirgin ba ta biya?

Tsufa, tsatsa, sassan da suka cinye da aiki, da kuskuren ƙira. Idan tukunya ta faɗi gwaji, sayen sabuwa daga aljihunka ne. Haka nan ɓarnar sanyi sau da yawa ba ta ciki: ka bar ruwa a tukunya da hunturu, ya daskare, ya tsaga bututu. Shi ya sa a ƙarshen kaka kowa ke zubar da ruwan tun tukunya na da ɗumi, ya bar kafofi a buɗe ta bushe.

Sata fa, da ɗaukar jirgi a mota?

Ka karanta sharaɗin tsaro da idon basira, domin a nan ake yawan samun saɓani. Wasu kamfanoni sai an ga alamar fasa ƙofa suke biya. Wasu sun fayyace irin kwaɗon da za a sa. Da yawa ba sa biya idan aka bar jirgi a mota ko tirela ya kwana a waje babu mai gadi, abin da kuma ke faruwa ke nan idan an je taron kwana biyu aka sauka a masauki. Ka tambaya kafin ka tafi.

A hanya kuma, ɗauri shi ne komai. Kan jirgi mai kilo 80 da ba a ɗaure ba, idan aka taka birki da ƙarfi, zai taho gaba ya sami direba. Inshorar motarka ba ta cika biyan kayan da ke cikin tirela ba.

Layina a bayan gidana yake, kuma ba na karɓar ko sisi. Ni ma sai na yi?

Doka ba ta tilasta maka ba, amma alhaki bai san ko an biya kuɗi ba. Ɗan maƙwabci da ya shigo kallo, idan ya ji ciwo saboda sakacinka, iyayensa na da damar kai ka kotu. Ka nemi inshorar da ta ambaci layin gida a fili.

Ranar da ka fara karɓar kuɗi don ribar kanka kuwa, kamar zuwa bukukuwa ana biyanka, ka fita daga sahun masu sha'awa ka zama ɗan kasuwa. Takardar gwajin ƙungiya ba a yi ta don wannan ba. Sai ka ɗauki sufeto mai zaman kansa da inshorar kasuwanci.

Idan na kafa allo cewa duk wanda ya hau ya hau da kasadarsa, na fita?

A'a. Dokar Birtaniya ta 1977 kan sharuɗɗan da ba su dace ba, da dokar haƙƙin masu saye ta 2015, sun hana mai gudanar da harka ya wanke kansa daga alhakin mutuwa ko rauni da sakacinsa ya jawo, ko da an sa hannu a takarda. Allon da ke da amfani shi ne mai gargaɗi: a zauna daram, kada a miƙa ƙafa, kada a jingina gefe, akwai tartsatsi. Ya fi kyau ma a faɗa da baki kafin kowane zagaye, don yaro ɗan shekara huɗu ba ya karatu.

Tartsatsi ya tashi gobara a gonar maƙwabta. Wa zai biya?

Wannan na cikin alhakin jama'a, muddin ka bi sharuɗɗa. Wasu yarjejeniyoyi suna neman a sa ragar tare tartsatsi a bututun hayaƙi. Lokacin zafin Yulin 2022, da ma'auni ya haura digiri 40 a Ingila karon farko, ciyawa ta bushe ƙamas, layuka da dama sun ajiye masu tururi suka koma masu batir da dizal. Nau'in kwal ma yana da tasiri. Tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a ƙarshen 2023, wadda ke ba da kwal mai kyau na tururi, mutane ke gwada wasu nau'o'in, kuma ba duka suke ci iri ɗaya ba. Duk sabon kwal, a gwada shi babu fasinja tukuna.

Zan iya barin ɗana ko abokina ya tuƙa?

Ya danganta da abin da aka rubuta da kuma dokar ƙungiya. Koya wa yara tuƙi abu ne da ake ƙarfafawa, don ta haka harkar ke samun magada, amma da babba zaune a bayansu, kuma ba a ranar da aka buɗe wa jama'a ba. Ƙungiyoyi da yawa sai mutum ya kai shekara 16 kuma an gwada shi suke barinsa ya ja fasinjojin waje. Aboki da ba ɗan ƙungiya ba, a rubuta sunansa a littafin baƙi kafin ya taɓa komai.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Takardu kafin fenti. Ka nemi takardar gwajin farko, da tarihin gwaje-gwajen baya, ka tabbatar lambar da ke takarda ita ce a jikin tukunya. Idan kamfani ne ya ƙera tukunyar don sayarwa a shekarun baya-bayan nan, ya kamata ta zo da tambarin CE ko UKCA, wato alamar cewa ta cika ƙa'idojin tsaro, da takardar maƙerin. Tukunyar da ba ta da tarihi, mai gwaji na da ikon ya ce a cire mata riga gaba ɗaya ya ga ƙarfen, ko ma ya ƙi gwada ta. In ta baƙin ƙarfe ce, a auna kaurin bangonta da na'ura. Abin da nake ba kowa shawara shi ne ya tafi da mai gwajin ƙungiyarsu wajen ciniki, tunda shi ne zai sa hannu daga baya. Ka kuma kira dillalin inshora kafin ka ɗora jirgin a mota, don daga lokacin da ka biya, asarar hanya taka ce.

Hatsari ya faru. Me zan fara yi?

Wanda ya ji ciwo tukuna. Ƙuna ana sa ta a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, a kira motar asibiti idan ta yi tsanani. Wani kuma ya kula da jirgin, ya zubar da wutar, don tukunyar da ta kwanta a gefe ruwanta ya bar rufin murhu.

Bayan nan a rubuta komai a ranar: lokaci, wanda ke tuƙi, yawan fasinja, sunayen shaidu, hoton layin da taragon kafin a gyara. A sanar da kamfani nan da nan ko da iyayen sun ce ba komai. A Ingila da Wales babba yana da shekara uku ya shigar da ƙarar rauni, amma na yaro ba a fara ƙirgawa sai ya cika 18. Yarinyar da ta ƙone tana da shekara shida na iya zuwa kotu har ta kai 21, lokacin da wataƙila direban ya rasu, shaidu sun watse. Littafin ƙungiya ne kaɗai zai yi magana, don haka ba a zubar da tsofaffin takardun inshora. Idan an ɗauki mutum daga wurin kai tsaye zuwa asibiti, a bincika ko sai an kai rahoto ga HSE a ƙarƙashin dokar kai rahoton haɗurra ta 2013.

Kamfanoni suna hana mutum ya amsa laifi da kansa kafin su bincika. Wannan bai hana ka jajanta ba, bai hana ka bi su asibiti ba, bai hana ka kira washegari ka tambayi jikin yaron ba. Ka yi duk waɗannan.

Kamfani ya ƙi biya, kuma ina ganin zalunci ne.

Ka rubuta musu ƙorafi. Suna da mako takwas su ba da amsa ta ƙarshe. In ba ka gamsu ba, kana da wata shida ka kai maganar ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sasanta ƙorafe-ƙorafe a kan kamfanonin kuɗi da inshora, kuma kyauta ne.

A wasu ƙasashen fa?

A Ostireliya ƙungiyar Australian Association of Live Steamers ce ke haɗa kulob-kulob, suna da nasu kundin ƙera tukunya, ɗaya na jan ƙarfe, ɗaya na baƙin ƙarfe. A Amurka dokar tukunya ta jiha-jiha ce: wasu jihohin sun keɓe ƙananan tukwanen sha'awa, wasu suna dubawa. Manyan wurare irin Train Mountain a jihar Oregon, mai layin da ya haura mil 30, suna da nasu ƙa'idojin ga baƙi. Duk wanda zai tsallaka iyaka da jirginsa ya tambayi abu biyu tun da wuri: ko masu masauki sun yarda da takardarsa, da ko inshorarsa ta ambaci ƙasar.

Ni Musulmi ne, ina da shakku a kan inshora.

Tambayar tana da tushe. A 1985 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikin yarjejeniyar, ta nuna tsarin taimakekeniya a madadinta, wanda ake kira takaful. Kamfani na farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979. Malamai da yawa kuma sun yi sauƙi a inda doka ko larura ta tilasta. A wannan harka, ba za a bar ka ka ja fasinja ba sai da inshorar alhakin jama'a, kuma amfaninta ga wanda aka ji wa ciwo yake komawa. Ta jirgin kanka kuwa zaɓi ce, kana iya barin ta ka ɗauki asarar da kanka. Ka kai wa malamin da ka amince da shi waɗannan biyun a rarrabe, don hukuncinsu na iya bambanta.

Mahaifinmu ya rasu ya bar jirgi a gareji. Yaya za mu yi?

Allah ya jiƙansa. Kada kowa ya hura wuta a ciki, ko da kun sha ganin yadda yake yi. Ku sanar da kamfanin inshora rasuwar, ku tambaya ko kariyar sata da gobara za ta ci gaba har a raba gado, musamman idan gidan zai zauna babu kowa, don yawancin yarjejeniyoyi suna canzawa idan gida ya daɗe a rufe. Sannan ku nemi fayil ɗin tukunyar. Yakan kasance a cikin akwatin kayan aikin da yake tafiya da shi, tare da shebur da gwangwanin mai, ko a aljihun tebur a maƙera. Wannan 'yar takardar na iya bambanta farashin jirgin da dubban fam. Idan ba ku gan ta ba, ku je ƙungiyarsa, mai gwajin tukunya yana ajiye kwafi, kuma a can ne za ku samu wanda zai zo ya duba ko an bar ruwa a ciki, ya faɗa muku darajarsa tsakani da Allah kafin wani mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofa.